Wa Ya San Yawan Mutanen Nariya?

Idan wani babban ma'aikaci a Sakatariyar Audu Bako ya zauna yau domin ya tsara yawan ajujuwa da malamai da ungozomomi da rijiyoyin burtsatse da mutanen Nariya suke bukata, tambayar da za ta fara tare shi ita ce, su nawa ne? Zai buɗe fayil, ya tura masinja ofishin ƙididdiga, daga ƙarshe ya koma ga kintace. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka kammala a Nijeriya ita ce ta watan Maris na 2006, kuma ko ita ɗin ma adadin da aka bayyana ya tsaya ne a kan Jihohi da Ƙananan Hukumomi, bai sauka kan garuruwa da ƙauyuka ba. Wadda aka yi shirin yi a watan Mayu na 2023 an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Yaron da aka raɗa wa suna a Nariya a makon da aka yi waccan ƙidaya yanzu ya isa jefa ƙuri'a, wataƙila ma ya yi aure, kuma mai yiwuwa ne ba a Nariya yake kwana ba.

Nariya ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Kibiya, maƙwabciyar Rano, a kudancin Jihar Kano. Mun ɗauke ta misali ne daga cikin mazaɓu 484 na Jihar domin abin da ke faruwa a irin waɗannan wurare shi ne rabin labarin da ba a cika bayarwa ba idan ana alfahari da yawan jama'ar Kano. Ƙidayar 1991, wadda aka yi 'yan watanni bayan an yanke Jigawa, ta ba Jihar Kano mutum miliyan 5.8. Ta 2006 ta ba ta miliyan 9.4, watau fiye da kowace Jiha a ƙasar nan. To, amma a ina mutanen suke? Ƙananan Hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin Kano da kewayensa, watau Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Ungogo da Kumbotso, su kaɗai suna ɗauke da kimanin mutum miliyan 2.8, kusan kashi 30 cikin ɗari ke nan, alhali kuwa ƙasar da suke kai ba ta kai kashi 3 cikin ɗari na faɗin Jihar ba. Nasarawa ita kaɗai ta doshi mutum 600,000. Rano ba ta kai 150,000 ba, Kibiya ba ta kai 140,000 ba, kuma in an haɗa su biyun ba su kai rabin Nasarawa ba. Ungogo kuwa, wadda dattawan yau suka sani da gonakin dawa da gero, tun a wancan lokaci ta riga ta yi kunnen doki da Ƙaramar Hukumar Birni kanta.

Ba haka ƙasar Kano take ba tun asali, kuma ya kamata ɗalibanmu su san wannan. Rano tana cikin Hausa Bakwai, Sarkinta shi ne Autan Bawo, kuma a labarin gargajiya na rabon aiki tsakanin 'ya'yan Bawo, Kano da Rano su ne sarakunan baba, watau masu rini da tufafi. Ko da mutum bai ɗauki labarin a matsayin tarihi tsantsa ba, yana nuna yadda mutanen da suke ganin garin: sa'ar Kano ne a sana'a. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, waɗanda sukan ninka a lokacin da fatake suka cika gari. Wannan adadi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Kibiya a 2006 ba. Amma da wannan ɗan adadi Kano ta tufatar da ƙasashe tun daga Barno har Tambutu, domin kuwa ba a cikin ganuwa kaɗai ake aikin ba. Audugar a karkara ake noma ta, mata su kaɗa zare a ƙauyuka, masaƙa su saƙa, marina su rina a karofin garuruwa irin su Kura da Rano, har rawanin nan mai sheƙi da Buzaye ke ƙauna ya samu sunan ɗan Kura. Kasuwar Kurmi wurin haɗuwar kaya ce. Arzikin a warwatse yake cikin garuruwa masu ganuwa da kasuwa da malamai da attajiransu, kuma saurayi mai sana'a ba ya bukatar barin garinsu kafin ya zama wani abu.

Abin da ya karya wannan tsari sananne ne. Turawa suka ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Dogon ya bi ta Dangora da Madobi da Challawa, ya bar Rano a gefe. Babbar hanyar mota ta Zariya ita ma ta bi ta Kura, sai dai mai zuwa Rano da Kibiya ya ratse. Yadin kanti mai araha ya kashe kasuwar saƙi, mota ta kashe fatauci da jakuna, kantunan Turawa da Kwarori da ma'aunin gyaɗa da ofishin Razdan da baitulmalin En'e duk suka taru wuri ɗaya. A ƙidayar 1952 birnin yana da mutum kimanin 130,000, a ta 1963 ya kai 295,000. Da aka kafa unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, sai abin ya ƙara gudu. Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna ta yi nazarin manoman Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta buga littafi a 1977 inda ta kwatanta karkarar Kano ta 1900 da ta 1970, ta nuna yadda sana'o'in ƙauye suka dusashe bayan da birni ya tattare ciniki. Ɗorayin da ta gani gidajen manoma ne a tsakiyar gonaki. Yau unguwa ce a cikin gari, kamar yadda Hotoro da Na'ibawa da Sheka da Rijiyar Zaki da Mariri suka zama. Tsarin raya birni na shekara ashirin da Trevallion ya zana domin 1963 zuwa 1983, tuni gari ya tsallake iyakarsa ya yi gaba.

A nan sai a yi hattara da kalmar raguwa, domin tana iya ɓatar da mai tsara aiki. Wanda ya je Nariya ko Tarai ko Rurum yana neman kangaye da kufai ba zai same su da yawa ba. Zai tarar da yara cike da lungu, da sababbin gidaje a inda da gona ce. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a matsakaicin lissafi mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya fiye da shida, saboda haka haihuwa tana cike gurbin masu tafiya har da rara. Raguwar a wani wuri take. Gonar da kaka ya noma shi da 'ya'yansa a gandu ɗaya an raba ta gado sau biyu ko sau uku, har kason wani bai isa ya ciyar da gidansa wata shida ba. Damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara kuwa sai abin da hali ya yi. Ci-rani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, amma ɗan ci-ranin da yakan tafi bayan an yi girbi ya komo da faɗuwar ruwan fari. Na yanzu yakan tafi Kano ko Abuja ko Ikko ko Fatakwal, ya yi dako a Kantin Kwari ko Singa, ya yi ga-ruwa ko leburanci ko tuƙin A Daidaita Sahu, shekara ta farko ya komo shuka, ta biyu ya aiko da kuɗin taki, ta uku ya aiko a kawo masa matarsa. Wanda ya yi karatu kuwa tafiyarsa ta fi tabbata, domin takardar da ya samu ba ta da wurin aiki a garinsu. Ta haka gari zai ƙaru da kawuna ya ragu da hannuwa: yara da tsofaffi da mata su yi yawa, maƙeri da magini da malami da mai jari su yi ƙaranci. Ƙidaya ko an yi ta, in ba a karanta ta da shekaru da sana'a ba, ba za ta nuna wannan ramewa ba.

Ba muna cewa tafiya birni laifi ce ba. Kowane ɗan ƙasa yana da 'yancin ya zauna inda ya ga dama, kuma Kano da baƙi ta zama Kano. Kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa shi ke sayen taki da kwanon rufi, shi ke biyan kuɗin magani da na aure a gidaje da yawa. Mai wa'azin a koma gona daga cikin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ya fara tambayar kansa ko zai tura ɗansa. Amma fa birnin da ake rugawa cikinsa shi ma yana nishi. Masaƙu da masana'antun da suka ɗauki dubban ma'aikata sun fara durƙushewa tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga ƙarancin wutar lantarki, ga kayan waje. Unguwanni suna tsirowa ba titi ba magudanar ruwa, a cike kududdufi a yi gini, damina ta zo ruwa ya nemi hanyarsa ta cikin ɗakuna. Ruwan famfo bai isa ba, aji ɗaya ya cika ya batse. Gwamnati kuma, ko wace ce ke kan mulki, dole ta kashe kuɗi inda kuka ya fi ƙarfi, sai ta yi gada da titi a birni, gadar da titin su ƙara jawo mutane, mutanen su ƙara bukatar gada. Wannan zagaye ba ya ƙarewa da kansa.

Abin da muke so masu tsara manufofi su riƙe shi ne, girman gari da ƙanƙancewarsa ba ƙaddara ce kawai ba, sau da yawa sa hannun Hukuma ne. Zungeru ita ce hedkwatar Arewa tun daga 1902, da aka mayar da mulki Kaduna a 1917 sai ta koma ƙaramin gari, Kaduna ta tashi daga daji ta zama birni. A ƙetaren iyaka, Faransawa suka ɗauke hedkwata daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, kuma kowa ya ga yadda garuruwan biyu suka kasance. Dutse gari ne na Hakimi a tsohuwar Jihar Kano, sai a 1991 ta zama babban birnin Jigawa, ma'aikata da 'yan kwangila da 'yan kasuwa suka bi. A cikin gida ma ga Wudil: gada da babbar hanya da karar shanu ta ranar Juma'a sun riƙe ta tun da, sa'an nan aka ƙara mata Jami'ar Kimiyya da Fasaha a 2001, ga kuma makarantar horar da manyan 'yan sanda. Ɗalibi yana bukatar ɗaki da abinci da aski da ɗinki, malami yana bukatar gida da makarantar 'ya'yansa, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin yi ne ga wani ɗan gari.

Kudancin Kano ma an taɓa yi masa irin wannan tunani. Madatsar ruwa ta Tiga da Gwamna Audu Bako ya gina tsakanin 1971 da 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, ita ce mafi girman abin da wata Gwamnati ta taɓa yi domin tsayar da manomi a gida da rani. Amfaninta a bayyane yake. Inda ruwan ya kai, watau akasari filayen Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, shinkafa da alkama da tumatir da albasa sun sa rani ya zama lokacin aiki, har baƙi ke zuwa neman ƙwadago. Kura ta cika da injinan casar shinkafa. Amma ruwa gangare yake bi, kuma ya gangara arewa. Manomin Kibiya har yanzu mafi yawan nomansa na damina ne. Ko inda ruwan ya kai ma, abin da aka noma ɗanye yake fita a manyan motoci, ribar sarrafawa ta tafi wani wuri. Masana'antar tumatir da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta sha tsayawa saboda ƙarancin ɗanyen kaya, wanda ke nuna cewa gini kaɗai ba ya wadatarwa in ba a daidaita iri da ruwa da farashi da manomi ba.

Yanzu kuma ga maganar da ta shafi masu karanta wannan jarida kai tsaye, kuma za mu faɗe ta ko da ba ta yi daɗi ba. Albashin ma'aikata shi ne kuɗi mafi tabbas da ke shiga kowace Ƙaramar Hukuma ta karkara wata-wata. Tambaya ita ce, a ina albashin yake kwana? Ba boyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin waɗanda ake turawa aiki karkara, tun daga malamin sakandare da malamin asibiti da malamin gona har zuwa manyan jami'an sakatariya, a birni suke da zama. Wasu su yi sammako su komo da la'asar, wasu su leƙa sau biyu a mako, wasu kuwa sai ƙarshen wata. Cefanensu a birni, telansu a birni, makarantar 'ya'yansu a birni, filin da za su saya in sun yi tari a gefen birni. A takarda an kashe kuɗin a Kibiya, a zahiri Kumbotso ce ta ci. Sa'an nan ma'aikacin da ba ya kwana a gari bai damu da duhun garin ba, domin ba matarsa ce za ta yi naƙuda da tsakar dare a nemi mota a rasa ba. Mun san uzurinsu, kuma uzuri ne na gaskiya: babu gidan haya mai kyau, babu ruwa, babu wuta, makarantar gari ba ta gamsar ba. Amma makarantar ba za ta gyaru ba muddin duk mai bakin magana ya kwashe 'ya'yansa daga cikinta. A zamanin En'e, da duk laifuffukansa, malamin da aka tura gunduma a can yake tarewa da iyalinsa, kuma ana gina masa gida. Muna ganin ya kamata Gwamnatin Jiha ta mayar da gina gidajen ma'aikata a Rano da Kibiya da takwarorinsu cikin manyan ayyuka, ta ba da alawus na zaman karkara wanda ya isa a kira shi alawus, sa'an nan ta sa shekarun da mutum ya yi zaune a wurin aikinsa cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Bayan an yi wannan, wanda ya ƙi tarewa ba shi da sauran hanzari. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa ba Ƙananan Hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba zai sauya kome a Nariya ba in kuɗin ya iso da safe ya koma birni da yamma a aljihun masu karɓarsa.

An gwada ɗaga darajar Rano ta fuskar sarauta har sau uku: a 1981 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka soke a 1983, a 2019, aka soke a watan Mayu na 2024, sa'an nan a watan Yuli na 2024 aka kafa masarauta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. Ba mu shiga gardamar da ta biyo bayan waɗannan matakai ba a nan. Iyakar abin da za mu ce, tambari da algaita suna ƙawata gari, amma saurayi yakan tsaya ne inda zai samu abin yi. Makarantar koyon fasahar karkara ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha da ke Rano, in an faɗaɗa ta aka yi mata ɗakunan kwana aka cika ta da ɗalibai, za ta fi kowane bikin naɗi tasiri a kasuwar garin. Haka kuma hanya mai kyau daga Nariya zuwa Kibiya da Rano, da wutar da injin niƙa da mai walda za su dogara da ita.

Sai mu koma ga ƙidaya. Dalilin da ya sa ta zama abin tsoro a ƙasar nan shi ne an ɗaura mata rabon kuɗi da kujeru. Ta 1962 aka soke ta, ta 1963 aka kai ta kotu, ta 1973 Janar Murtala Muhammed ya yi watsi da ita a 1975, ta 2006 kuma Jihar Legas ta ƙi amincewa da nata kason ta ce mutanenta sun kai miliyan 17.5. Tun da yake kashi 30 cikin ɗari na rabon da ake yi tsakanin Jihohi a kan yawan jama'a yake, kowa ƙoƙarinsa adadinsa ya hau, har an manta cewa amfanin ƙidaya na fari shi ne a san inda za a haƙa rijiya. Tsarin mulki ya bar ƙidayar ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, wannan gaskiya ne, amma bai hana Jiha sanin mutanenta ba. Da can, littafin haraji da Dagatai da masu unguwanni ke riƙewa yana nuna magidantan kowane gari shekara-shekara, wanda ya mutu da wanda ya ƙaura. Soke haraji da jangali da aka yi a 1979 alheri ne ga talaka, ba mai neman a komo da su, sai dai littafin ya tafi tare da harajin, ba a maye gurbinsa da wani ba.

Kayan aikin kuwa suna nan a warwatse. Ma'aikatan rigakafin shan-inna sun shekara da shekaru suna bin ƙasar nan gida-gida suna rubutu da alli a jikin bango, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ainihin cutar. Sun san ƙauyuka da rugage waɗanda ba su cikin taswirar wasu ma'aikatu. Hukumar zaɓe tana da rajistar kowace mazaɓa da kowace rumfa. Makarantun firamare suna da rajistar yara, asibitoci suna da ta masu awo. Abin da ya rage shi ne Hukumar Ƙididdiga ta Jiha ta tattara waɗannan mazaɓa-mazaɓa, a ba kowane Dagaci littafi da malami mai albashi da zai rubuta haihuwa da mutuwa da ƙaura, a kuma buga sakamakon duk shekara kowa ya gani. Ɗaliban Jami'ar Bayero da na Wudil masu nazarin ƙasa da tattalin arziki, waɗanda ke rubuta kundin kammala karatu a kan batutuwan da aka riga aka tatse, ga aiki nan yana jiransu: mutum ya ɗauki unguwa ɗaya a Nariya, ya bi gida-gida ya tambaya su wa suka tafi, yaushe, ina, da wace sana'a, kuma su wa suka komo.

Muna kuma roƙon Ma'aikatar Kasafi da Tsare-tsare da Majalisar Dokoki ta Jiha, idan za a gabatar da kasafin kuɗi na gaba, a ƙara shafi ɗaya a bayansa wanda zai nuna nawa ne daga cikin kuɗin manyan ayyuka zai sauka a Ƙananan Hukumomi takwas na birni, nawa ne kuma zai sauka a sauran 36, kowace da sunanta, tare da abin da aka saki a zahiri a shekarar da ta gabata.